Gawon da ya rage wa Baba Nomau

Mun tashi da asuba daga Yamai, mu uku da direba, cikin tsohuwar motar ƙungiyarmu wadda sai an lallashe ta take tashi. Ƙungiyar tamu ƙarama ce, ta masu cewa bai kamata talaka ya riƙa biyan ɓarnar ƙasa da ba shi ya yi ba. Maganar ta fi ƙarfinmu, don ofishinmu ɗaki ɗaya ne da fanka mai kuka. A bayan motar mun saka jarkar ruwa, da tabarma, da wani babban gwangwanin jan fenti da burushi biyu.

Gonar wani tsoho za mu gani, Baba Nomau, a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, gaba da Filinge. Wani malamin makaranta da ya taɓa aiki a can ne ya nuna mana hotonta a waya. Ko'ina fili ne fayau, sai wannan gona ɗaya cike da gawo, kore shar a tsakiyar rani. Duk manomi ya san gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi ganye da 'ya'ya ya ciyar da dabba. Malamin ya ce masu saran icce na kai wa Yamai sun fara zagaya gonar, suna cewa itatuwan daji ne, ba su da mai su. Tsohon kuwa 'ya'yansa maza duk suna cin rani a bakin teku. In ba a yi wani abu ba, itatuwan ba za su ga damina ba.

Dabarar fentin ta shugabarmu ce, wadda ita ma da ita muka yi tafiyar. Ta taɓa zuwa wani taro a ƙasar waje inda ta zauna da irinmu daga ko'ina: masunta da malalar man fetur ta kashe wa kogi, da mutanen kurmi da ake sare wa daji, da matan da ake jibge wa shara a bayan gida. A can ta ji wasu na cewa su kan shafa wa itatuwansu fenti a gaban shaidu, sai kowa ya san suna da mai su, kuma abin ya yi musu aiki. Tun da ta dawo ba ta da wata hira sai wannan. Muka ce ai shi ke nan. Mako guda kafin tafiyar muka ba wani direban motar kasuwa saƙo ya kai wa mai gari, cewa mutanen Yamai masu kula da daji suna tafe da jan fenti, za su sa wa itatuwan gonaki alama.

Hanyar Filinge tana da kwalta, amma ba a sakin jiki a kanta. Tun da soja suka sake karɓar mulki, ga kuma rashin tsaro, shinge ya ƙaru. A kowane sai mu sauko, mu nuna katin shaida, a leƙa bayan mota. Wani matashin soja ya ɗaga gwangwanin ya girgiza, ya tambaya ko gidan amarya za mu shafe. Na ce masa amaryar gawo ce. Bai yi dariya ba, direbanmu kuma ya taka mini ƙafa. Tsakanin shinge da shinge manyan motocin icce ne ke wuce mu suna gangarawa Yamai, an labta musu kaya har sun karkace. Na fara ƙirga su, na gaji na daina.

A Baleyara muka karya, ranar kasuwa ce kuwa. Ba ka jin komai sai kukan dabbobi da ciniki cikin Zabarmanci da Hausa da Buzanci a cakuɗe. Muka sayi farimasa mai zafi, irin fanken Zabarmawa, da kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a hannun wata mata da ta gane ba 'yan nan ba ne mu, ta rage mana awo tana murmushi. Abin da na lura da shi bai yi mini daɗi ba. Akuya ta yi arha, tiyar hatsi kuwa ta yi tsada, kuma duk wanda ya san bazara ya san ma'anar haka: mutane na rabuwa da dabbobinsu don ba abin da za su ba su. Awakin ma ƙashi ne da fata. Abokin tafiyarmu na uku, wani dogo da ya karanci aikin gona, ya ce da kowace gona na da gawo da ba a ga haka ba. Ya faɗi wannan magana a Baleyara, ya maimaita ta a Bonkuku, har direba ya roƙe shi ya adana sauran don komowa.

Daga Bonkuku hanya na bin dallol, wato kwarin wani tsohon kogi da ya ƙafe, inda ruwa ke kusa da ƙasa. Akwai goriba da 'yan lambuna, idonka ya ɗan huta. Amma da ka ɗaga kai ka dubi tudu, sai jan dutse da kututture. Mun shiga Filinge rana ta take. Muka je ofishin hukuma muka gabatar da kanmu, aka ja mana kunne kada yamma ta same mu a daji. Muka sha fura da nono a gefen kasuwa, fura mai yaji wadda har yanzu ina tuna ta, sannan muka bar kwalta muka kama yashi.

Abin da na fara gani a ƙauyen awaki ne, kuma ba irin na Baleyara ba. Cikinsu ya yi tim, suna kwance suna tuƙa, ko'ina a bakin gidaje ga ɗanyen reshen gawo an jibge. Na ce wa 'yan'uwa ga shaida nan tun kafin mu ga gonar, awakin garin nan sun fi wasu ma'aikatan Yamai ƙiba. Muka yi dariya. Ita ce dariyarmu ta ƙarshe a tafiyar.

Tarbar da aka yi mana ba irin ta Kurfayawa ba ce. An amsa sallama, an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, amma ba wanda ya zauna kusa da mu. Dattawa suna gindin masallaci suna kallon motar, ba mu ba. Mai gari ya ce saƙonmu ya iso yadda muka aiko shi, an kuma yi shela. Ya tambaye mu, cikin ladabi ƙwarai, ko hukuma ce ta turo mu. Muka ce a'a. Ya sake tambaya ta wata hanyar, muka sake cewa a'a. Sai ya sunkuyar da kai, ya sa aka kira Mariyama, 'yar Baba Nomau, ta kai mu gonar.

Mace ce mai kimanin shekara arba'in, idonta a kumbure. Ta wuce gaba muna biye, dogon nan na ɗauke da gwangwanin fenti a kafaɗa. Da muka hau wani ɗan tudu, sai ta tsaya ta nuna da hannu.

Na san gonar daga hoto, amma da ba a nuna mini ba da ban gane ta ba. Itatuwan duk suna ƙasa. Wasu an riga an datse su, wasu suna kwance da ganyensu bai gama yaushi ba, kututturan farare, danƙo na tsattsafowa daga saran. Warin ɗanyen icce ya cika wurin. A can ƙarshen gonar gawo ɗaya ne tak a tsaye. Shugabarmu ta dafe ƙirji ta ce masu icce sun riga mu. Mariyama ta girgiza kai, ta ce ba su ba ne.

Tsohon yana zaune a inuwar gawon da ya rage, tafin hannuwansa duka biyu a naɗe da tsumma. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa yana duban gwangwanin.

“Baba, wa ya yi maka wannan aiki?” in ji shugabarmu.

“Ni nis sare su, ɗiyata. Da hannuna. Ni da tsohhin da munka yi zamani tare.”

Sauran labarin a hankali ya fito, wani daga bakinsa, wani daga bakin Mariyama. A zamanin mulkin soja na da, lokacin yana saurayi, 'yan gandun daji sun zo ƙauyen da jan fenti. Duk iccen da suka shafa wa ya zama na gwamnati, ko da a gonar kakanka yake. Shekarar fari ce. Shanunsu na mutuwa, sai ya hau gawon gonar ubansa ya sassabo musu reshe. Aka kama shi aka kai Filinge, aka ɗaure shi a rana gaban jama'a. Kafin a sake shi shanun sun ƙare. Wani maƙwabcinsu kuma, da gonarsa ta fi ta kowa itatuwa, aka shafe su duka aka ce wurin ya zama gandun daji, aka hana shi noma. Ya kwashe iyalinsa ya bar garin, ba a sake jin labarinsa ba. Daga nan mutane suka koyi tuge duk tsiron da ya fito a gona tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo musu fenti. Shi ya sa ƙasar ta zama fili.

Baba Nomau kaɗai ya ƙi tugewa. Yakan rufe tsiro da karan hatsi ya ɓoye shi. Da aka koma mulkin farar hula doka ta yi sauƙi, sai ya daina ɓoyo, ya riƙa gyara musu rassa yana kare su daga awaki. Rabin rayuwarsa ya ƙare a kan itatuwan nan. Sai ga shela: mutanen Yamai na zuwa da jan fenti, ga kuma soja a kan mulki. Mariyama ta ce ta yi kuka, ta riƙe masa gatari, ta ce ya bari a ji ko su wane ne. Ya ce mata ya riga ya san ko su wane ne.

“Gara in rasa icce da in rasa gona,” ya ce mana. “Gonag ga ita ɗai za ni bar ma ɗiyana. In sunka komo daga cin rani sunka iske an amshe ta, mi za ni ce musu?”

Dogon nan ya fara bayani cewa fentinmu daban ne, na kariya ne, dokar yanzu ma tana bayan manomi. Tsohon ya saurare shi har ya gama, ya tambaye shi wane launi ne a cikin gwangwanin. Ya ce ja. Tsohon ya gyaɗa kai kawai. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini a wuri ɗaya irin na ranar ba. Mun zo neman gira, mun rasa ido, kuma idon ba namu ba ne.

Na tambaye shi me ya sa ya bar wannan ɗaya. Ya ce shi ne na farko da ya ɓoye, ya tsiro a shekarar da aka haifi Mariyama. Ya bar shi a ƙarshe, da ya zo kansa ya ɗaga gatari hannunsa ya ƙi. Shugabarmu tana hawaye ta ba shi haƙuri, ta ce ba za mu taɓa shi ba. Ya ce ba komai, Allah ya riga ya rubuta. Sannan ya ce abu ɗaya yake roƙo.

“Ku tahi da abinku. Kada ku bar shi garin ga, ko wurin mai gari.”

Muka ce to. Dogon ya tuna masa cewa kututturen gawo yakan sake tofo in aka kula da shi. Tsohon ya ce ya fi shi sani, sai dai wanda zai ga inuwarsu ba shi ba ne. Ya sa Mariyama ta ɗebo mana 'ya'yan gawo cikin ƙwarya, wai kada baƙi su tafi hannu wofi. Muka karɓa, don ƙin karɓar ya fi muni.

La'asar ta yi muka kama hanya, saboda gargaɗin da aka yi mana a Filinge. Gwangwanin na ta gungurawa a bayan mota duk lokacin da muka faɗa rami, direba ya tsaya ya danne shi da jarka. A shingen ƙarshe sojan nan na safe ya gane mu, ya ce yaya amarya. Na ce masa lafiya lau. Muka shiga Yamai a bayan wata motar icce da ta hana mu wucewa. A gida aka kawo mini tuwo, na san kuma da icce aka dafa shi, kamar kullum.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mun ji labarin mutanen kurmi da masuntan wata duniya, mun haddace, amma ba mu zauna da dattijo ɗaya na Kurfai mun tambaye shi abin da ya gani da idonsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma zama ɗaya a gindin masallacin nan da ya isa mu san irin macijin. Da mun aika cewa za mu zo gaisuwa, da gonar tana nan. Har gobe ina tare da masu wannan fafutuka a duk inda suke, sai dai yanzu in aka kawo wata dabara daga nesa, nakan ce a fara tambayar masu wurin.

Kwanakin baya Mariyama ta kira ni da wayar mai gari. Ta ce masu motocin icce sun zo sun kwashe gumaguman, sun ba iyalin ɗan abin da suka ga dama. Wasu kututturan sun fara tofo, ita ke kewaye su da ƙaya. Na tambayi jikin Baba. Ta ce hannuwan sun warke. Kullum in ya yi sallar safe sai ya tafi gindin gawon nan ya zauna, yana fuskantar hanyar mota, gatarinsa a gefe. Na ce ai gara haka, masu icce ba za su matso ba. Sai ta ce ba su yake jira ba, mu yake jira, ko za mu komo.