Ranar Gayyar Gonar Dauda

A Kaikai, in ana zancen noma, sunan Dauda ake fara kira. Tun yana saurayi ba wanda ya taɓa riga shi fitar da kuyya, har makaɗan gayya suka yi masa take nasa na kansa. Sai ciwon daji ya kama shi a hanji. Aka yi masa aiki a birni, ya sha magani har gashinsa ya zube, ya dawo gida kamar kara.

Kamalu, ma'aikacin lafiyar da ke zuwa duba shi daga Kusada, shi ya tsara masa yadda zai koma motsa jiki: tafiya kawai, da sanda, daga ƙofar gida zuwa tsamiyar bakin hanya, ana ƙara nisa sannu a hankali. Ya gargaɗe shi cewa ɗinkin bai gama kamawa ba, duƙawa da hauya na iya ɓalle shi. Dauda ya bi, amma ransa a ɓace. Magidanci ya fita da safe, ba gona ba kasuwa, ya taɓa itace ya juyo? Wannan ya fi ciwon ci masa rai.

Damina ta kankama, ciyawa ta rufe geronsa, maƙwabta suka haɗa masa gayya. Alheri suka nufa, sai dai sun kira makaɗi, don a nan ba a gayya ba kiɗa.

Matarsa Zinariya ta ɓoye hauyarsa a rumbu. Ta ce, "Malam, ka tahi ka gaishe su ka komo. Don Allah kar ka duƙa."

Ya je ya zauna a gindin gawo. Makaɗin, tsohon abokinsa ne, ya hango shi a rame, tausayi ya kama shi, ya juya kiɗan zuwa takensa don ya girmama shi. Matasa suka ɗago, suka buɗe masa kuyya a tsakiyarsu kamar yadda aka saba.

Dauda ya tuna maganar Kamalu, ya ji tsoro na gaske. Amma ba a kaɗa take mai shi yana zaune. Ya jingine sandar, ya karɓi hauyar wani.

Da farko lafiya lau. Bai kai rabi ba ya ji wani abu ya saki a ƙasan cibiyarsa, ɗumin jini ya bi zariyar wandonsa. Ya ɗago ya dubi ƙarshen kuyyar, da sauran tafiya. Kiɗan bai tsaya ba, ya sake duƙawa.