Habu da ba ya dukan jaki

Ku da kuka san Habu ɗan Inna Kulu, ai kun san ba ya wuce dabba bai gaishe ta ba. Jakin gidansu Alhaji yake ce mishi, akuya kuwa Hajiya. Ni da muka tashi zaure ɗaya, sau nawa yana katse mini magana don ya tambayi Alhaji kwanan gajiya!

Ran da baƙi suka zo daga Rufa'a, Inna ta miƙa mishi wuƙa ta ce ya yanka zakara. Shiru, shiru, sai ga shi da kwanon ful, dafaffen wake, daga shago.

"Ina zakaran?"

"Inna, mun yi magana da shi. Bai yarda ba."

Wata damina Kawu Isa ya sa shi korar tsuntsaye a hawasha, gonar dawarsu. Kawu ya je ya tarar da shi zaune bakin ruwa yana shan rake, ya daka mishi tsawa har da Larabcin garinmu.

"Kai, ya zol! Haka ake tsaro?"

"Kawu, kwantar da hankalinka. Na bar wa tsuntsayen kunya biyu a gonar, sauran namu ne."

Tsuntsaye suka share gonar tas! Da Kawu ya ɗauko sanda, sai Habu ya ce, "Laifina ne. Da Hausa na yi musu bayani, ashe Larabci suke ji."

To, sai ranar kasuwar Suki. Muna sauke albasa aka ce ga motar soja, ana kamun samari a kai su yaƙi. Kowa ya cika wandonsa da iska. Alhaji kuwa ya kafe a tsakiyar hanya da kaya a baya. Na ce, "Habu, zabga mishi mu tafi!" Ya ce, "Dattijo ne, bari in lallashe shi." Na yi tsaki, na tsallake katanga. Wallahi da na fizgi hannunsa da ya biyo ni. Ban fizga ba.

Daga Kudu, inda sojojin suka kai shi, wasiƙa ɗaya ya aiko mini. Shafi guda kan yadda za a riƙa jiƙa wa jaki dusa, can ƙasa ya ce a gaida Inna. Na karanta a zaure, muka yi ta dariya har da hawaye. Na ce gobe zan ba shi amsa, goben ta zama bayan girbi. Kafin mu gama sussuka wani jami'i ya zo ya yi sallama a ƙofar Inna Kulu. Ko ashirin da biyu Habu bai cika ba, kuma har yau ba mu san inda aka binne shi ba.

Allah, Kai ka san wurin. Ka sanyaya mishi ƙasar, Ka ba Inna haƙuri, ni kuma Ka sa ya yafe mini. Amin.