Zanen da Mama ta ajiye

"Ladi, ina kika samo wannan shuɗin?"

Mama ce, uwar mijina, tsaye a kaina jiya ina taka keken ɗinki. Kwanan nan na fara koyon ɗinka bargo da ƙyallaye, duk tsumman da na gani sai almakashi. Shuɗin a akwatinta na gan shi, ranar da ta sa ni shanya mata kaya.

Na ce, "Tsohon zane ne, Mama. Na ga ya koɗe, ba kya ɗaurawa."

Ta shafa wurin a hankali. "Zanen zumuntar matan coci ne, na farko da na ɗaura a Manchok. Na ajiye ne a sa mini ranar da za a binne ni."

Ƙafata ta tsaya cak. Ga ɗinkin ma a karkace, soson ciki ya tattare gefe ɗaya.

Sai ta ce, "Gama shi. Gara in rufa da shi tun ina jin sanyi."

Har yanzu na kasa haɗa ido da ita. Jama'a, da wane baki ake ba da irin wannan haƙurin?