Cigiyar Gero

Mun cinye irinmu. Yanzu ina iya faɗin haka ban sunkuyar da kai ba, amma a wancan lokacin, da a ji wannan magana a bakin manomi gara a ce an kama shi da akuyar wani. Damina ta bi damina ruwa yana yi mana rowa a ƙauyenmu da ke gefen Kunci. Gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe. Muka share rumbu, muka ci dusa, muka koma tafasa da rama. Da yaran suka daina kuka suka koma shiru, maigidana ya hau rumbu ya sauko da damin iri, wanda ko biki ake ba a taɓa shi. Ni na sussuke shi da hannuna, na daka, na dama kunu.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ya kira ni ya ce ya yanke shawara. In ruwan shuka ya sauka ba mu da abin zubawa a rami, za mu koma birni ya kama dako. Ba ci-rani yake nufi ba, tafiya ce ta gaba ɗaya. Har ya tattara tabarmi da 'yan tukwane ya ɗaure da igiya ya jingine a zaure. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, tana ƙofar ɗakinta tana kaɗa zare. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ni nan aka kawo ni, daga nan za a ɗauke ni." Wanda ya san Inna ya san ta gama magana. Ko mu sami iri, ko mu tafi mu bar tsohuwa ita kaɗai a kango.

Za a ce me ya hana mu roƙa. Ai ba a san mutanenmu ba! Wanda ya cinye nasa ba zai faɗa ba don kunya. Wanda ya rage da ɗan kaɗan shi ma ba zai faɗa ba, kada gari ya taru a ƙofarsa. Maza suna haɗuwa a masallaci, ya iyali, lafiya lau, kowa cikinsa na ƙugi. Hatsi kuwa yana nan a kasuwar Ɗambatta, amma mu mun daɗe da rabuwa da akuyar ƙarshe.

Sai dai akwai abin da maza ba sa sawa a lissafi. Kowace mace da aka kawo aure garin nan takan zo da ɗan geron gidansu, ta cakuɗa da toka ta zuba a gora ta liƙe baki, don 'yar gonarta ta bayan gida. Nawa ya riga ya bi kunu. Amma na san ba duka goruna suka ƙare ba.

Ni kuma tun ina budurwa bakina ba ya zama. A bakin dutsen niƙa nake ƙaga waƙa, in zagi kaza, in wasa tukunya, in yi wa hayaƙi habaici. Inna ba ta so. "Gidan nan ba a taɓa yin zabiya ba," take cewa, "ba kuwa a kanki za a fara ba." Sai in ce to, Inna. Tana juya baya in rage murya in ci gaba.

Ana haka maƙwabciyarmu ta haihu. Suna ne irin na shekarar yunwa, ba rago, ba tuwo, sai ruwan tsamiya a ƙwarya. Mata suka taru bayan azahar, kowa ta ɗaura zanenta mai kyau a kan ƙasusuwa, aka zauna jugum kamar gidan makoki. Abin ya ba ni haushi. Yaro ya zo duniya, ko guɗa ba mai yi masa? Na jawo babbar ƙwarya na zuba ruwa, na kifa ƙarama a kai, na ɗauki ludayi na fara kaɗawa. Ina jin idon Inna a ƙeyata.

Ba zan yi ƙarya in ce nan take abin ya zo mini ba. Na daɗe ina juya shi a raina ina tsinkar tafasa. A al'adarmu, in mai waƙa ta wasa ki, kina tashi ki yi mata kari, wato ki ba ta wani abu. Ba wanda yake kiran wannan sadaka, abin alfahari ne ga mai bayarwa. To ni ban wasa kowa ba. Cigiyar gero na yi, kowanne da sunansa, irin wadda ake yi in yaro ya ɓata.

"Cigiya nake, jama'a, cigiya,
Zango dogo, ɗan gidan gabas,
Mai leƙa katanga ya gai da maƙwabta,
Wa ya gan shi bana?"

Wata tsohuwa ta amsa, "Ya ɓata, a nemo shi!" Sauran suka karɓe. Na juya kan maiwa, na ce sai kowa ya tashi daga biki take ɗaura ɗankwali. Na ce geron nan wuyan bijimi mai kauri, zangarniyarsa ɗaya ta ishi bazawara. Kowane gero na san ɗakin da yake, kuma masu shi sun gane kansu. Dariya ta ɓarke, irin wadda rabona da jin ta har na manta.

Matar gidan gabas, mai zango, ita ta fara kasa haƙuri. Ta miƙe tana cewa, "Ƙarya kike, 'yar nan, bai ɓata ba!" Ta fita, ta dawo da hannu a dunƙule. Nan na ga idanu duka sun koma kan hannun nan, na ga wasu fuskoki sun faɗi. Na yi maza na cire mayafina na rufe wata ƙwarya da shi, na ce, "Karin yau a rufe ake yin sa. Kowa ta leƙa gida ta dawo ta sa hannu, ba a kallon na wani."

Haka aka yi. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, hannu a dunƙule, su zura ƙarƙashin mayafi. Ni ce kusa, kuma mai kiɗa kunne gare ta. Ina jin lokacin da ƙwaya ta zuba shaa, ina kuma jin lokacin da ba abin da ya zuba. Wayyo Allah! Ashe ba mu kaɗai ba ne. Matan da nake zaton rumbunsu na da sauran albarka, hannu wofi suka zo da shi. Tausayi ya kama ni. Daga nan duk wadda ta sunkuya sai in ƙara ƙarfin kiɗa, don kada wani kunne ya ji abin da nawa ya ji.

Na bar na Inna a ƙarshe. Ita kaɗai ce a garin ta zo da gargasa daga gidansu can arewa, geron nan mai gashi da tsuntsu ba ya iya sauka a kansa.

"Gargasa gajere, ba ka wasa da yaro,
Kowa ya taɓa ka ya ji a hannunsa."

Mata suka fashe, don sun san da wa nake. Inna ta tashi fuska a murtuke, ko gida ba ta je ba, ta zura hannu ta zare. Na buga ƙwaryar nan kamar zan fasa ta. Ni nake share mata ɗaki, na san ba ta da ko ƙwaya.

Da aka gama, ƙwarya ta yi nauyi. Amma bayan abin da na ji, ina zan iya ɗauka in wuce gida? Na ce a sake zagaye, mai son tsaraba ta ɗiba, mayafi yana nan a rufe. Abin da ya rage na kai wa maigida. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Wannan ai tarkace ne, kowanne da kamarsa. Ko rabin gona ba zai kai ba." Na ce, "Malam, rabin gona ba gona ba ce?" Da ruwa ya sauka ya ɗauki sungumi yana sara, ina bin sa ina zubawa kaɗan-kaɗan ina rufewa da diddige. Amma kayan nan na zaure bai kwance ba. Ya ce sai ya ga kaka.

Gonar ta fito abin dariya, wani dogo, wani gajere, wani ya yi kai wani ko niyya bai yi ba. Masu wucewa suna tambaya ko yara ne suka yi mana shuka. Geron da ya yi saurin nuna shi ya ba mu tumu a daidai lokacin da ƙafafun yaran suka fara kumbura. Sai kuma tsuntsaye suka taso mana, don gonakin da aka shuka bana ba su da yawa. Muka yi ta ihu da kaɗa gwangwani, maigida yana duban ɓarnar yana girgiza kai.

Wata safiya ina cikin korar tsuntsu hannuna ya goga wata zangarniya, ta soke ni. Na duba. Gashi ne a jikinta tsaitsaye. Na ɗaga ido, ga wata can, ga wata can, warwatse a cikin gonar, cike da ƙwaya, ba wadda tsuntsu ya taɓa.

Na taho gida na sami Inna da zarenta. Na durƙusa na ce, "Inna, na ga baƙo a gona. Mai gashi."

Ta ci gaba da murza mazari. Can ta ce, "A bakin zanena yake ƙulle tun ranar da aka hau rumbu. Da na fito da shi, da kin dama." Ta dube ni sheƙeƙe. "Waƙar ma ba ki iya ba. Kin ce gajere ne, ki je ki auna."

Na yi dariya, sai kuma kuka ya ƙwace mini. Tsohuwar nan tana cin ganye tare da mu, tana tura wa jikoki rabonta, gero yana ɗaure a ƙugunta ba ta kai shi baki ba. Maigida yana bakin zaure, ya ji duka. Bai shigo ba, ya juya ya nufi gona.

Da kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, ya bi gonar ya zaɓi kyawawan zangarniyoyi na iri, gargasa a sama. Bai kai su rumbu ba. Ya shiga zaure ya kwance igiyar kayan tafiya, da ita ya ɗaure su, ya je ya rataye a ɗakin Inna.