Ranar da Muryar Hollis Ta Ƙone

Verna Kostelnik ta yi shekaru tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a gabashin jihar Montana ta Amurka, kuma duk wanda ya taɓa hawa motarta ya san ba ta da yawan magana. Mijinta Hollis ne ya kwashe rabon su biyun. Shi ke kiran gwanjon shanu a kasuwar garin, in ya buɗe baki sai ka ce an tada inji, masu saye na ɗaga hannu ba su ma san sun ɗaga ba. A gida kuwa in bai sami mutum ba da kare yake hira.

"Sarkin surutu, bari kunnena ya huta mana," haka Verna kan ce masa.

Shi kuma ya ce, "Direba, ke dai kalli hanya."

Sai ciwo ya kama shi, irin wanda ke cinye ƙarfin jiki gaɓa-gaɓa ya bar hankali garau. Ƙafafu suka fara kasawa, hannuwa suka bi. Da likita ya ce harshe ma zai tafi, Hollis ya zauna gaban kwamfutar gidan, wata tsohuwa mai gurnani da ke ƙarƙashin teburin kicin, ya yi ta karanta jimloli cikin makirfo tsawon lokacin sanyi guda. Wata manhaja ta tattara su ta haɗa masa murya. Lokacin da bakinsa ya mutu, sai ya koma zaɓen haruffa da babban yatsansa na hagu, wanda shi kaɗai ya rage yana motsi, kwamfuta kuma ta faɗa da muryarsa sak, har da 'yar dishewar nan. Verna ta ajiye tuƙi ta zauna jinyarsa.

Wata safiya tana soya ƙwai, yana cikin kekensa na marasa lafiya kusa da taga, muryar ta ce, "Verna, ƙafata tana..." Sai wata ƙara tas, allon ya yi baƙi, ƙauri ya cika kicin.

Ta kashe ta kunna, ta canza soket, har duka ta kai mata. Shiru. Ta durƙusa ta duba ƙafafunsa, ta murza, ta gyara masa safa.

"Wacce? Ta dama? Lumshe ido in ta dama ce."

Ya lumshe, ya buɗe, ya sake lumshewa, hawaye na bin kumatunsa. Ta kasa gane ko amsa ce ko kuka. Ta buga lambar kamfanin da ya yi manhajar, aka ce layin ba ya aiki. Ashe sun daɗe da rufewa.

Ta kira maƙwabciyarta Opal, wata bazawara mai kiwon kaji, ta ce ta zo ta zauna da shi. Ta naɗe kwamfutar da bargo, ta ɗora a kujerar gaban a-kori-kura, ta ɗaura mata bel kamar mutum, ta kama hanyar birnin Billings cikin dusar ƙanƙara.

A babban kantin da ta fara shiga, kwamfutoci ne jere, sirara, masu sheƙi. Wani mutum mai murmushi ya tare ta.

"Madam, wace iri ake so? Ta wasa, ta aiki, ko ta kallon jikoki?"

"Wadda za ta yi magana da muryar mijina."

Ta yi masa bayani. Ya duba sunan manhajar a wayarsa, murmushin ya ɗauke. Ya ce babu ko ɗaya cikin sababbin nan da za ta karɓe ta, ta tsufa da yawa. Amma kowacce na zuwa da muryoyinta, masu daɗi ƙwarai.

"Ba daɗi nake nema ba," in ji Verna. "Tasa ba ta da daɗi ko kaɗan. Ita nake so."

Ya yi mata kwatancen wani ɗan shagon gyara a bayan tashar jirgin ƙasa. Mai shagon wata dattijuwa ce, Rosalind Yee, da tabarau rataye a wuya. Ta kwance kwamfutar, ta sansana, ta girgiza kai. Ta ce wutar ta taɓa har faifan ajiya, inda muryar take.

"Zan iya aika shi wa masu tono abin da ya rage. Zai ɗauki makonni, kuma ban yi miki alkawari ba. In ya fito, ina da tsohuwa irin taki a baya, sai mu ɗora shi. Amma ita ma tsohuwar ba ta da tabbas, kuma babu abin da za ta iya yi masa kafin faifan ya dawo. Ko kuwa ki ɗauki waccan sabuwar, in saita masa ita yanzu, yau ɗin nan ya yi magana."

"Da muryar wa?"

"Ta wani da ba ki sani ba."

Verna ta tsaya tsakanin kwamfutocin biyu, ta taɓa wannan ta taɓa waccan. Gani take in ta ɗauki sabuwar kamar ta sa hannu ne cewa Hollis ɗin da ta sani ya ƙare. Ta fita waje cikin sanyi ta kira gida, ta ce Opal ta kara masa wayar a kunne. Ta jera masa komai, ta roƙe shi ya zaɓa da ido, Opal ta faɗa mata.

"Ya rufe idon ya ƙi buɗewa," in ji Opal. Sai ta sassauta murya. "Verna, na gano abin ƙafar. Wani ƙarfe ne ya ɓalle a matakin keken, yana sukar bayan diddigensa. Ya yi jini har cikin silifas. Tun safe yake zaune a kai, bawan Allah, kuma ba bakin faɗa."

Verna ta kashe wayar. Ita ce ta murza ƙafar nan da hannunta, ta ƙara danna ta kan ƙarfen. Ta koma ciki ba ta ko share fuska ba.

"Ba ni sabuwar. Faifan kuma ki aika."

Rana na shirin faɗuwa ta iso gida. Ta haɗa wayoyin yadda Rosalind ta nuna mata, ta sa masa linzamin kwamfutar ƙarƙashin yatsa. Hollis ya daɗe yana kallon allon. Can sai wata murya ta saurayi, santsi kamar ta mai karanta labarai, ta ce, "Ruwa." Ta ba shi. Ya sha.

Haka suka yi makonni. Ruwa. Juya ni. Zafi. Ba tsokana, ba hira da kare, shi ma karen in muryar ta fito sai ya tashi ya bar ɗakin. Verna ta zama ita ce mai surutun gidan, tana ta zuba labarin kaji da na yanayi don kada shirun ya kashe ta, ido kuma na kan waya.

Da Rosalind ta kira, daga gaisuwarta Verna ta gane. Ba a sami komai ba. Ta shiga kicin ta zauna gabansa, ta riƙe hannunsa na dama wanda ba ya motsi, ta faɗa masa kai tsaye. Ya rufe ido har ta zaci barci ya yi. Sannan yatsan ya fara aiki, a hankali, harafi bayan harafi.

"Akwai muryar mace a ciki?"

"Akwai. Me za ka yi da ita?"

"Sa min ta tsohuwa. Tunda baƙo na zama a gidan nan, gara in zama uwarki, in dinga yi miki faɗa."

Dariya ta ƙwace mata tare da kuka. Suka bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya har suka sami wata mai tsini, ta tsohuwar da ba ta raina abin faɗa. Da ita Hollis ya yi sauran watanninsa. Da ita ya ce wa Opal kek ɗinta ya fi takalmi tauri, da ita ya tsawata wa likita, abokansa na kasuwar shanu kuma suka dinga zuwa musamman don tsohuwar ta zage su.

Verna ba ta taɓa sabawa da ita ba. Wani lokaci ana tsakiyar dariya sai ta ce za ta duba mota, ta shiga a-kori-kura ta rufe ƙofa ta yi kukanta, ta dawo ta ɗora gahawa. Hollis ya rasu da kaka, bayan an gama yankan ciyawa. Da makaranta ta nemi direba a shekarar da ta biyo, Verna ta karɓi makullin bas ta koma kan hanya.