Lalle a Bayan Ɓera

Ni da makaranta tun aji uku na sakandare muka yi hannun riga, amma kiwon fararen ɓeraye na iya shi. A saman soronmu a Gwale nake kiwonsu, ashirin da huɗu ne a lokacin. Yayata ce ta ja ni ciki, mai karatun digiri na uku a kan ƙwaƙwalwa.

Wata rana ta ɗebi shida ta kai jami'a, ta yi musu allura a jela. Wai ƙwayar cuta ce da aka cire wa dafi aka ɗora mata saƙo. Za ta bi jini ta shiga ƙwaƙwalwa, bayan sati huɗu duk ƙwayar jijiyar da ta shiga ta riƙa haske kore a madubin likita.

Na ce, "Wato ɗan aike kika tura da tocila."

"Rufe min baki. Shekara guda na yi ina jira a kawo ta daga waje, kuma ta ƙare tas."

Sai aka shiga yajin aiki, aka rufe ɗakin dabbobi, shidan suka dawo hannuna. Ta ba ni wani ɗan ƙarfe, ta ce in huda kunnen kowanne kafin in haɗa su da sauran. Na kama na farko, ya yi tsuwa, na kasa. Na ce a raina, ai ko a kara, kasuwar dabbobi, ragon da aka saya fenti ake shafa masa. Na ɗebo lallen da Umma ta kwaɓa, na ɗiga wa kowanne a gadon baya, na zuba su cikin 'yan'uwansu.

Na manta ɓera ba rago ba ne. A kan juna suke kwanciya, curi guda. Da safe duka ashirin da huɗun sun yi jajajir.

Da ta hawo ta ce, "Ina nawa?"

Na ce, "Yaya, ga su nan, duk sun zama ƙawayen amarya."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan bokiti. "Ka san yadda ake gane su yanzu? Sai an buɗe kai."

Da sati huɗu ya cika ta samo mukullin ɗakin bincikensu na jami'a, muka kwashe su duka zuwa can. Ni ke zaɓa, ni ke riƙewa a sa maganin barci, ita ta cire ƙwaƙwalwa ta yayyanka siriri ta duba. Na farko duhu. Na biyu duhu. Duk wanda ya yi duhu a banza ya mutu, kuma hannuna ne ya nuna shi. A na biyar ta ce, "Zo ka gani." Kore shar, kamar saiwar bishiya ta kama da wuta. Na nemi abin tsokana na rasa.

Kwanaki muka yi a haka. Na shidanta sai a na ashirin da biyu ya fito. Aikinta ya tsira.

Biyu na dawo da su gida a kwali, duka maza.