Buhunan Yaya Daudu a Ɗakin Batulu

A Gwiwa aka haifi Batulu, a gidan manoma inda yaro kan yi gudu a tsakar gida har ya gaji bai kai ga rumbu ba. Aure ne ya kawo ta Kazaure, gidan Mamuda mai gyaran babura, wani babban gidan gado a gindin dutse. Ba ta jima da tarewa ba surukinta ya rasu, aka raba gida. 'Yan'uwan Mamuda suka sayar da rabonsu, wanda ya saya ya ja katanga, shi kuwa Mamuda ya tashi da ɗaki ɗaya, 'yar rumfa da makewayi. A nan Batulu ta haifi 'ya'yanta huɗu, a nan ta raine su.

Da fari ta yi kuka. Da ta ga kukan bai ƙara wa ɗakin ko taku ɗaya ba, sai ta share hawaye ta tsaya tana kallon bango da rufi. Ta roƙi bulo wajen magina ta ɗaga gadonta sama, ta tura kwallaye da akwatuna ƙarƙashi. Ta sa Mamuda ya kafa mata katako a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, kwanuka suka hau. Tabarmi ta naɗe ta rataye a jikin azara, faifai da mazubi suka bi ƙusa, ƙwarya ta shiga ragaya. Gero da dawa ta zuba a tsofaffin jarkokin mai da ta wanke tas, ta jera su bayan ƙofa, ta shimfiɗa allo a kansu ya zama wurin zama. Injin taliyar da take sana'a da shi ma ta yi masa wani katako mai ninkewa, in ta gama murza ta kifa shi jikin bango. Mutum shida ke kwana a ɗakin, amma in ka shiga da rana sai ka sami wurin shimfiɗa sallaya har biyu.

Wannan iyawar ce ta jawo mata wahala. Matan unguwa sukan shigo su riƙe haɓa suna yabo, kwana biyu sai a aiko da kaya. Wannan ta kawo akwatin auren 'yarta, waccan ta kawo keken ɗinki, wata tukunyar biki. Kowa da kalmarsa ɗaya: "Ke ai ba kya rasa inda za ki sa." Batulu ta karɓa, tana cizon yatsa. Babu wadda ta taɓa tambayarta ina 'ya'yanta za su miƙe ƙafa.

Sai ga Yaya Daudu, wan Mamuda, wanda ya sayar da rabonsa ya koma Babura yana fataucin hatsi. Ya gina gida mai faɗi, har da shago a ƙofa. Wata kaka ya iso da mota ɗauke da buhunan wake, ya ce shagonsa ya cika, kuma yana so waken ya zauna a Kazaure har ya yi tsada. Batulu ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa. Ya leƙa ɗakin, ya yi dariya.

"Ashe gaskiya ake faɗa. Ƙarƙashin gadon nan ai sito ne. Mamuda, sa yara su shigo da su."

Da ya tafi ta dubi mijinta. "Malam, ina zan kai kwallayena?"

"Ki yi haƙuri, Yaya ne. Ba daɗewa za su yi ba."

"Da ya sayar da rabonsa ya shawarce ka? Ya bar mu a akurki, yanzu akurkin ma yana so?"

Mamuda ya ɗauki hularsa ya fita. Haka yake, mutumin kirki, amma gaban wansa bakinsa mutuwa yake yi.

Ta fito da kwallayen aurenta ta kai rumfa, rana da raɓa suka dinga cin fentinsu. Buhuna suka cika ƙarƙashin gado, saura suka hau kan juna a kusurwar da yara ke kwana. Yaran suka koma kwanan zaune-zaune, ƙafar wannan a cikin wancan. Kaka ta wuce, rani ya wuce, bazara ta shigo, wake bai motsa ba. Duk sanda ta buge ƙafa da buhu sai ta ji zuciyarta ta tafasa, ta ja tsaki, ta haɗiye.

Da damina ta kama, ƙwari suka fara fitowa daga buhunan. Mamuda ya aika wa wansa. Yaya Daudu ya zo ranar da Batulu ta tafi suna maƙwabta, ya ɓula buhunan ya cusa wasu ƙwayoyin magani, ya kama hanyar Babura. Bai ce wa kowa komai ba. Da ta dawo ta ji wani wari kamar na tafarnuwa, ta ɗauka ɓera ne ya mutu, ta duba ba ta gani ba.

Washegari da azahar aka tsuge da ruwa. Manyan yaran suna makaranta, auta Sadiƙa tana barci a ƙasa dab da buhunan. Batulu ta rufe ƙofa da taga saboda feshi, ta zauna a rumfa tana murza taliya. Da ruwan ya tsagaita ta buɗe ƙofa, warin ya doke ta har ta ja da baya. Sadiƙa na kwance cikin amai, idanunta sun juye, numfashi sama-sama. Batulu ta saɓe ta a kafaɗa ta fita ba mayafi, ta tare mai adaidaita a tsakiyar titi. A asibiti ma'aikaciyar ta tambaye ta ko suna ajiye hatsi mai magani a inda suke kwana. Nan take ta gane.

Allah ya yi da sauran kwanan yarinyar. Ranar da aka sallame su, Batulu ba ta zauna ba. Ta ɗaure zane a ƙugu, ta toshe hanci da ɗankwali, ta dinga jan buhunan ɗaya bayan ɗaya tana wurgawa waje cikin taɓo. Wanda ya fi ƙarfinta ta farke shi da wuƙa ta kwashe da kwano. Daga nan ta fito da akwati, ta fito da keken ɗinki, ta fito da tukunya, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga murya, kowa ya zo ya ɗauki nasa kafin la'asar.

Mamuda ya iso a guje. "Batulu, kin haukace? Waken Yaya ne!"

"'Yarka ce ta kusa mutuwa, Malam. Ka tambayi jikinta tukuna."

Yaya Daudu ya zo da yamma ransa a ɓace. Ya tarar da awaki suna shinshina dukiyarsa, mutane sun taru ana korarsu. Batulu ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, sannan ta miƙe.

"Wace irin rashin kunya ce wannan?" in ji shi. "Ajiya ce fa na ba ku."

"Yaya, kai ka zuba maganin?"

"Kowane ɗan kasuwa haka yake yi."

"A ɗakin da 'ya'yanka ke kwana kake zubawa?"

Batulu ta nuna masa ƙofar ɗakin.

"Ka zuba guba ka tafi, ko kalma ɗaya ba ka bar mana ba. Mun kwana asibiti, ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Yau da aka taɓa wake ga ka nan kafin magariba. Ɗaki ɗaya gare ni, Yaya. Na rataye kayana a sama, na kai na aurena waje don naka su sha inuwa. Wallahi ko ƙwayar wake ba za ta sake kwana a nan ba."

Ya juya ga ƙanensa yana jiran ya tsawata mata. Mamuda ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Yaya, a kwashe kawai."

Aka kwashe. Dangin miji suka sa ta a baki, aka ce ta raba zumunci, wasu matan unguwar suka daina sayen taliyarta. Ba ta bi kowa da ban haƙuri ba. Sadiƙa ta warke, sai dai ta daɗe tana tari in sanyi ya shigo, kuma duk sanda Batulu ta ji tarin sai fushin ya dawo mata sabo.

Da salla ta zagayo Mamuda ya ce su je Babura gaisuwa, Yaya ya ce a bar abin da ya wuce. Batulu tana tsefe wa Sadiƙa kai, ba ta ko ɗago ba.

"Ya san hanyar Kazaure," ta ce. "Ya zo ya duba yarinyar nan, sai in je."

Mamuda ya tafi shi kaɗai. Shekara ta zagayo, ya sake tafiya shi kaɗai.